A Sauƙaƙa wa Ƙaramin Ɗan Kwangila Kuɗin Rajista

Jama'a, kowa ya san wanda ke gina ajin makarantar ƙauye, da kwalbati, da ɗakin shan magani. Birkila ne da kafinta da mai walda. Amma je ka duba takardar kwangilar, ba za ka ga sunan ko ɗayansu ba. Sunan wani mai babbar riga za ka gani, wanda bai taɓa riƙe cebur ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Me ya kawo haka? Kuɗin shiga ƙofa ne. Kafin mutum ya nemi aikin Gwamnatin Tarayya, sai ya yi wa kamfaninsa rajista a hukumar CAC, ya kawo shaidar biyan haraji ta shekara 3, da takardun hukumomin PenCom da ITF da NSITF, ya kuma shiga littafin hukumar BPP wadda dokar 2007 ta kafa. A jihohi kuwa akwai kuɗin rajistar 'yan kwangila, a wurare da yawa ana sabunta ta kowace shekara. Bayan wannan ga kuɗin fom na tanda, wanda ba a mayarwa, ko ka samu aikin ko ba ka samu ba. Attajiri ba ya ko jin nauyin wannan. Mai jarin buhun siminti 50 kuwa, kafin ya gama biya jarin ya ƙare.

To, sai babba ya karɓi aikin, ya cire rabonsa, ya sayar wa ƙarami da abin da ya rage. Ƙarami kuma, don ya fita, sai ya rage siminti ya ƙara yashi. Damina biyu, ginin ya tsage. Wa ya yi hasara? Talaka mai biyan haraji, da ɗansa da ke zaune ƙarƙashin rufin.

Masu mulki suna cewa kuɗi mai yawa shi ke korar 'yan damfara. Haba! Ashe ɓarawo ba shi da kuɗi? Ai shi ne kan gaba wajen biya. Abin da ke tone mayaudari shi ne a je a ga aikin da ya yi a baya, a tambayi mutanen wurin. Suna kuma cewa baitulmali na bukatar kuɗin. Mu kuwa muna cewa in mutum 3 kaɗai ke neman aiki, sun haɗa baki sun tsuga farashi. In mutum 20 ne, dole kowa ya sauko. Abin da za a tsirar a nan ya fi kuɗin rajista nesa ba kusa ba. Hana wani, hana kai.

Kada kuma a ce ba a taɓa yi ba. A 2018 an rage kuɗin rajistar sunan kasuwanci daga naira 10,000 zuwa naira 5,000 na wani lokaci, kuma sama ba ta faɗo ba. A 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a kan umarnin cewa a sayi aƙalla kashi 40 cikin 100 na waɗansu kayan Gwamnati daga masana'antun gida. Ina amfanin umarni in an bar ƙofa a kulle?

Ga abin da muke nema. Na ɗaya, a yanka kuɗin rajista gwargwadon girman aiki, kada mai gyaran rijiya ya biya kusa da na mai gina gada. Na biyu, rajista guda ta isar wa mutum a dukan ma'aikatun jiharsa, ta kuma yi shekara 3. Na uku, a soke kuɗin fom a ƙananan ayyuka. Na huɗu, a manna sunan wanda ya samu aiki da farashinsa a allon ofishin ƙaramar hukuma, kowa ya gani.

Ba sadaka muke roƙar wa masu sana'a ba. Kuɗin harajinsu ne ake aikin da shi. A buɗe musu ƙofa.