Dodo a Sararin Samaniya: 'Yan Mata, Tsofaffin Jiragen Yaƙi da Mantuwar Tarihi

Gabatarwa

Daga cikin hajar da ƙasar Japan take fitarwa zuwa kasuwannin duniya, baicin motoci da na'urori, akwai wani irin wasan kwaikwayo na zane mai motsi da ake kira anime. Wannan fanni yana da rassa da dama, amma reshen da wannan maƙala za ta duba shi ne wanda ake nuna 'yan mata masu ƙuruciya suna tuƙa jiragen yaƙi na zamanin dā, suna fafatawa da manyan dodanni. A kallon farko mutum zai ɗauka nishaɗi ne kurum. Amma ɗalibin adabi ya san cewa ba banza ba, wai an ga kuturu a masaƙa. Duk labarin da ya ari kayan tarihi ya yafa, wajibi ne a tambaye shi abin da ya ɗauko da abin da ya baro.

Yadda Labaran Suke

Wasanni biyu sun isa misali. Na farko shi ne Strike Witches, wanda aka fara nunawa a talabijin a 2008. An gina labarinsa a kan cewa a 1939 wasu halittu da ake kira Neuroi sun auka wa duniya, saboda haka ƙasashen da a zahiri suka gwabza da juna a Yaƙin Duniya na Biyu sai ga su sun haɗa kai. Masu kare duniya kuwa 'yan mata ne masu sihiri, waɗanda suke ɗaura wa ƙafafunsu injuna masu siffar jiragen wancan zamani. Da zarar yarinya ta doshi shekara 20, sai sihirinta ya fara dushewa.

Na biyu shi ne Warlords of Sigrdrifa na 2020. A nan dodannin wasu halittu ne masu kama da ginshiƙai, waɗanda makaman zamani suka kasa yi musu komai. Sai Odin, wanda mutanen arewacin Turai suke bauta wa a dā, ya ba wasu 'yan mata ƙarfin tunkararsu. Wata tana tuƙa Gladiator na Ingila mai fukafukai hawa biyu, wata Ki-44 na Japan, wata kuma He 100 na Jamus.

Abin Yabo

Adalci shi ne a fara da yabo. Ba laifi ba ne a ƙago dodo, ba kuma laifi ba ne a sa yarinya ta kayar da shi. Duk wanda ya tashi yana sauraren tatsuniya a gindin kaka ya saba da labarin da ƙaramin da aka raina yake gamawa da ƙaton da ya gagari manya. Haka kuma masu zanen sun yi aiki na ƙwarai wajen fito da surar jiragen, kuma labaran suna koyar da zumunci da riƙon amana da juriya a kan rashin abokin tafiya.

Bugu da ƙari, mata a jirgin yaƙi ba ƙage ba ne. A 1942 Tarayyar Sobiyet ta tura wata runduna ta mata zalla fagen fama, suna kai hari da dare a cikin jiragen Po-2 waɗanda aka ƙera da katako da ƙyalle. Da yawansu ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, kuma sojojin Jamus suka laƙaba musu sunan mayun dare.

Inda Gizo Yake Saƙar

Matsalar tana ga sunaye. 'Yan matan Strike Witches an raɗa musu sunayen matuƙan jirage na haƙiƙa, aka ɗan murɗa su. Alal misali, akwai Erica Hartmann, yarinya mai fara'a da son barci, wadda ɗakinta kullum yake a hargitse. An ɗauko sunanta daga Erich Hartmann, matuƙin da ya yi wa Jamus ta Hitila yaƙi, wanda aka lasafta masa harbo jirage 352, galibinsu na Sobiyet. A cikin rundunarsu kuma akwai Sanya Litvyak, wadda aka ɗauko sunanta daga Lydia Litvyak, matuƙiyar Sobiyet da jiragen Jamus suka harbo ranar 1 ga Agusta, 1943, tana da shekara 21. Watau ɓangaren da ya kashe da ɓangaren da aka kashe an zaunar da su a akushi ɗaya suna cin abinci, ba tare da an ce uffan game da abin da ya shiga tsakaninsu ba.

Wani zai ce ai wannan sulhu ne, sulhu kuwa alheri ne. Amma sulhu na gaskiya sai an faɗi laifi, an amsa shi, sannan a yafe. Abin da aka yi a nan shi ne an cire ɗan Adam daga bakin bindiga, an sa dodo a gurbinsa. Dodo ba shi da uwa da za ta yi kuka, ba shi da garin da za a ƙona. Da haka sai jirgin ya fito tas kamar ba a taɓa zubar da jini da shi ba, mai kallo ya sha daɗin ƙarar injinsa ba tare da zuciyarsa ta tuhume shi ba.

Ba abin mamaki ba ne a ce a Japan wannan dabara ta sami gindin zama. Tsarin mulkinta na 1947, a sashe na 9, ya yi watsi da yaƙi a matsayin hanyar warware rikici tsakanin ƙasashe, kuma maƙwabta irin su Sin da Koriya ba su manta da abin da sojojinta suka yi musu ba. Marubucin da yake ƙaunar jiragen, amma yake gudun tambayar da ke biye da su, ba shi da mafakar da ta fi dodo.

Daɗin daɗawa, 'yan matan Japan na wancan yaƙi ba su yi shawagi a sama ba. A Okinawa, a 1945, an kwashi ɗalibai mata da malamansu su 240, waɗanda aka sani da sunan Himeyuri, aka sa su jinyar sojoji a cikin koguna, 136 daga cikinsu suka rasa rayukansu. Wannan shi ne rabon yarinya a yaƙi, ba suturar da ba ta kai ta kawo ba wadda ake yi wa 'yan matan Strike Witches don jan idon masu kallo.

Ba kuwa za a ce dodo ba ya iya ɗaukar nauyin tarihi ba. Godzilla, wanda Japanawa suka fitar a 1954, gwajin makamin nukiliya ne ya tashe shi, shekara tara bayan Hiroshima da Nagasaki. Wancan dodo tuni yake yi wa mai kallo, waɗannan kuwa lallashinsa suke yi ya manta.

Ina Ruwan Bahaushe?

Ruwansa babba ne. Hausawa da yawa suna cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma waɗanda Ingila ta kai Boma suka yaƙi sojojin Japan a 1944 da 1945. Barikin Chindit na Zariya daga can ya samo sunansa. Abokan gabarsu ba dodanni ba ne, 'ya'yan mutane ne kamarsu, kuma daga kowane ɓangare akwai waɗanda ba su komo gida ba. Jikan ɗan Boma da ya fara sanin wancan yaƙi ta hanyar anime, ya karɓi tarihin kakansa an tace shi.

Kammalawa

Ba a nufin a ƙaurace wa waɗannan wasanni. Abin da ake nufi shi ne a kalle su da ido biyu. Mai tatsuniya a ƙasar Hausa yakan rufe da ƙurunƙus, ya jingina ƙaryarsa ga Gizo, don yaro ya san inda wasa ya tsaya. Waɗannan labarai kuwa sun ɗauko sunaye da shekaru da makamai na gaske, sannan suka ƙi faɗin inda gaskiya ta ƙare. Tun da ba su faɗa ba, aikin ya koma kan mai nazari. In ya ga jirgi ya keta gajimare a cikin zane, sai ya tambaya: wa ya ƙera shi, wa ya tuƙa shi, kuma a kan wa aka saki wutarsa?