Wa Muka Yi Wa Tafi a Dajin Tarzan?

Duk sa'ad da aka ta da maganar littattafan Tarzan a ɗakunan kwananmu, ba a rasa mai cewa, "Haba malam, ai tatsuniya ce, don nishaɗi kawai aka rubuta." Mu kam ba mu yarda ba. Mu ma mun karanta su tun muna sakandare, mun hana idanunmu barci a kansu, don haka ba da ka muke magana ba. Tambayarmu ɗaya ce: ran da jarumin ya zarga wa baƙin mutum igiya a wuya ya ja shi bisa itace, wa muka yi wa tafi?

Bari mu fara da mai littafin. An haifi Edgar Rice Burroughs a birnin Shikago na Amurka a 1875, ya mutu a 1950, bai taɓa taka ƙasar Afirka ba. A 1912 ya sayar wa wata mujallar labarai mai arhar takarda, All-Story, labarin Tarzan na farko a kan dala 700. Saboda tsabar rashin sani har ya saka damisar Asiya mai ratsi-ratsi cikin kurmin Afirka, sai da aka zo buga littafin a 1914 aka mai da ita zakanya. Wannan mutum shi ya rubuta littattafai 24 a kan Tarzan, shi ya zama malamin duniya a kan nahiyarmu.

To, me ya koyar? Ɗan wani basaraken Ingila ne iyayensa suka mutu a gaɓar tekun Afirka, biranya ta shayar da shi. Sunan nan Tarzan, a harshen biran da marubucin ya ƙaga, ma'anarsa farar fata. Yaron bai taɓa jin Turanci ba, amma wai ya koya wa kansa karatu daga littattafan da uban ya bari. Ya fi zaki ƙarfi, ya fi kowa wayo, kuma dalili guda aka ba mu: jininsa. Su kuwa mutanen ƙauyen Mbonga, waɗanda kakanninsu suka san daji tun fil azal, an mai da su masu cin naman mutane, matsorata, masu zaton aljani ne ke sace musu kibau. Har takarda Tarzan ya manna a ƙofar bukkarsa yana alfahari da kashe namun daji da baƙaƙen mutane, ya haɗa su a layi ɗaya.

A dubi zamanin da aka yi wannan rubutu. Daga 1885 zuwa 1908 ƙasar Kwango gonar Sarki Leopold na Beljiyam ce, inda ake yanke hannuwan mutane saboda ƙaron roba. Burroughs ya san da haka, domin shi da kansa ya ce zaluncin nan ne ya koro mutanen Mbonga, amma ya wuce cikin 'yan layuka ya koma ga nishaɗinsa. A 1906 an ajiye wani ɗan Kwango, Ota Benga, tare da birai a gidan namun daji na birnin New York, jama'a suna ta zuwa kallo. A shekarun nan ne kuma gungun fararen fata ke rataye baƙaƙe a bisa itatuwa a kudancin Amurka. Mai karatu na 1912 ya san igiyar nan sarai. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san wanda ya zaga.

Ba Burroughs ne ya fara ba. H. Rider Haggard, wanda ya yi wa gwamnatin mallaka aiki a Afirka ta Kudu, ya fitar da King Solomon's Mines a 1885, ya shuka ra'ayin cewa duk wani gini na ƙasaita a Afirka baƙi ne daga waje suka yi shi. Burroughs ya bi sahu da birnin zinariya na Opar. Kada a ce wasa ne: irin wannan tunani shi ya sa aka daɗe ana musun cewa 'yan Afirka ne suka gina Babbar Zimbabuwe, ko bayan binciken Gertrude Caton-Thompson na 1929 ya tabbatar da hakan. Wanda aka raba shi da tarihinsa, raba shi da gonarsa ba wuya.

Masu cewa nishaɗi ne kawai, su saurari shaidar Chinua Achebe. Ya faɗa da bakinsa cewa yana ɗan makaranta, in yana karanta irin waɗannan labarai, bayan Bature yake bi, yana jin haushin baƙaƙen. In har mai basira irin tasa ya faɗa tarkon, mu su wane ne? Littafin wa'azi kan sa mutum ya yi shiri, ya auna. Labari mai daɗi kuwa shiga yake yi ba sallama, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Duk da haka ba mu tare da masu cewa a ƙone su ko a kwashe su daga laburare. Ƙona littafi aikin ragwaye ne, kuma shaidar laifi ba a ɓatar da ita. A karanta su a aji, a feɗe su har wutsiya. Mu kuma yarda da gaskiya ɗaya mai ɗaci: mutanen nan sun iya ba da labari, sun san yadda ake rufe babi a bar mai karatu da ƙishirwa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da mun cika wa ƙannenmu kantuna da namu jarumai, da ba su je aro ba.

Hanya kuwa a buɗe take tun tuni. Gasar rubutu ta 1933 a Zariya ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda jaruminsa ya gwabza da sojan Turawa, ko da yake ƙarƙashin idon Turawan aka buga littafin. Muna da ganuwar Kano, da yaƙe-yaƙen Sarauniya Amina, da fataken goro na hanyar Gwanja, da ayarin da ke ratsa hamada zuwa Bilma ɗaukar gishiri. Wane kurmin ƙarya ne ya fi waɗannan abin faɗa?

Ya 'yan'uwa ɗalibai, mun yi tafin a cikin rashin sani, wannan ya wuce. Amma in ƙannenmu suka maimaita shi alhali alƙalami yana hannunmu, kada mu ɗora wa mutumin Shikago laifi.