SARAUNIYA BA ƘASA: INA AKA KAI ZAZZAU?

'Yan'uwana ɗalibai, tun ranar da labari ya iso ɗakunan kwananmu cewa an sa Sarauniya Amina cikin shugabannin wasan nan na kwamfuta da a ke kira Civilization VII, wanda kamfanin Firaxis na Amurka ya fitar a watan Fabrairun 2025, waɗansunmu ba su daina murna ba, kai ka ce gado aka raba da su. Ni dai ban taya su ba, kuma zan faɗi dalilina ko da zai ɓata wa abokaina rai.

Ga wanda bai san wasan ba, wani mutum ne mai suna Sid Meier ya ƙago shi a 1991. Za ka zaɓi al'umma da shugabanta, a ba ka 'yan mutane kaɗan a kan taswira, ka kafa gari, ka yi noma, ka nemi ilmi, ka ƙulla ciniki ko ka ɗaura yaƙi, tun daga zamanin kwari da baka har zuwa zamanin kumbo. Kada wani ya ce mini ai wasan yara ne. Miliyoyin matasa a duniya ba su taɓa buɗe littafin tarihin Afirka ba, kuma ba za su buɗe ba. Abin da wasan nan ya nuna musu shi ne iyakar saninsu da mu. Wanda ya zaɓi waɗanda za su shiga taswirar, shi ya zaɓi waɗanda duniya za ta kira masu wayewa.

To, me aka nuna musu? A fitowar farko, in ka cire Masar, Afirka duka Shaka ne na Zulu da mashinsa. Sai 2005 aka tuna da Mali da Mansa Musa. A 2010 aka kawo Songhai, aka tsai da Askiya gaban wani gari da ke ci da wuta, alhali kuwa wannan bawan Allah shi ne ya tafi aikin hajji wajen 1496, ya girmama malaman Tumbutu. Ga Kaisar na Rum cikin daraja, ga namu cikin hayaƙi! Borno kuwa, daular da gidan Saifawa ya riƙe ɗaruruwan shekaru har zuwa 1846, abin da ta samu a Civilization VI shi ne a mai da Birnin Gazargamu ɗan ƙaramin gari mai zaman kansa, wanda manyan dauloli ke jawo shi gare su da jakadu ko su haɗiye.

Sa'an nan aka zo kan Amina. A sabon tsarin da suka fito da shi an raba shugaba da ƙasarsa, watau kowane shugaba yana iya jan kowace al'umma. Da wasan ya fito, babu Zazzau a ciki, babu Kano, babu ƙasar Hausa ko kusa. In kana so ka ajiye Amina a Afirka ta kudu da Sahara, sai ka ba ta Aksum ta ƙasar Habasha, wadda ke nesa da Zariya fiye da kilomita 3,000, ko Songhai, ko Buganda ta bakin Tafkin Biktoriya. Wa zai yarda a kawo Nafoliyon a ce babu Faransa, a ce ya yi haƙuri da Rasha tunda duk Turai ce? Amma mu an zuba mu a tukunya ɗaya an dama, mun kuwa tafa. Daɗin daɗawa, baiwar da aka ba ta har da ƙarin ƙarfin soja a cikin hamada. Wanda ya taɓa kwana Samaru cikin watan Agusta ya gaya mini inda hamadar Zazzau ta ke.

Ba kuwa za su ce abin ya gagara ba, domin a 2021 masu wasan Age of Empires III sun sa Hausawa a matsayin al'umma sukutum, da birnin Kano da 'yan lifidi. Ashe dai ana iyawa in an ga dama.

Amma laifin ba na Turawa ba ne su kaɗai, kuma nan ne zan taka sawun 'yan'uwana. Duk sa'ad da aka zauna ana shawarar wa ya kamata a ƙara, sai ka ji kowa ya jawo sarkin yaƙin garinsu. Wannan ya ce wane ya ci gari ɗari, wancan ya ce nasu ya fi yawan dawaki. Mun karɓi awon da 'yan mulkin mallaka suka bar mana, cewa tarihinmu jerin hare-hare ne kawai, muna kuma roƙon a auna mu da shi. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya ƙare rayuwarsa yana nuna cewa tarihin Katsina tarihin garuruwa ne da sana'o'i da ƙaura da hanyoyin fatauci. Mu kuwa jikokin karatunsa mun koma ƙirga takubba.

Ga abin da ni zan kawo. A kafa al'ummar Hausa, a ba ta Muhammadu Rumfa, Sarkin Kano daga 1463 zuwa 1499. Shi ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, ya gina gidan sarautar da har yau a ke zaune ciki, ya kafa majalisar Tara ta Kano, kuma dominsa Shehu Magili ya rubuta littafi kan wajiban sarakuna. Me mai tsara wasa ya ke nema da ya wuce wannan? Ginin da zai bambanta Hausawa da saura ya zama marina, domin Bature Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar tufafin da a ke saƙawa a rina a nan suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. A maimakon ɗan kasuwan da kowace al'umma ke da shi, a ba mu madugu da ayarinsa, wanda duk inda ya ya da zango a ƙasar wani, zangon zai tsiro ya zama unguwa mai kawo riba ga ɓangarorin biyu ba tare da an harba kibiya ko ɗaya ba. Haka fataken goro suka yi a hanyar Gwanja har Salaga, shi ya sa har gobe a ke jin Hausa a zangunan Kumasi da Ankara ta Gana. Wannan wata hanya ce ta bunƙasa da wasan bai taɓa koya wa 'yan wasansa da sunanmu ba.

Borno ma a ɗaga ta daga matsayin ɗan ƙauye, a ba ta Mai Idris Alauma na ƙarni na 16, wanda ya aika jakadu Santambul, ya kawo bindigogi da Turkawa masu horar da 'yan bindiga, limaminsa Ahmad bin Fartuwa kuma ya rubuta tarihin zamaninsa.

Wadda na fi ƙwallafa rai a kanta kuwa ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu. Masu wasan da kansu suka buɗe ƙofa ga waɗanda ba su taɓa hawa gadon mulki ba, suka sa Konfushiyas da Makiyabeli da Ibn Batuta da Harriet Tubman. To, wace hujja ta rage? Ga mace da aka haifa a 1793, ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru, ta naɗa jajis da malfa suna zaga ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu. A wasan da ilmi ke cikin hanyoyin cin nasara, shugabar da makarantarta ke tafiya da ƙafa zuwa ƙauyen da ba shi da gini za ta ba Birtaniya wahala.

Na san wani zai ce na yi wa tarihinmu kwalliya. Ban yi ba. Kano da Borno da Sakkwato duk sun kama bayi, sun sayar, sun noma gandaye da guminsu, kuma ayarin madugun da na yaba ba goro kaɗai ya ke ɗauka ba. In za a sa mu, a sa da wannan, ya zama yana da farashi a cikin wasan: dukiya ta ƙaru, tawaye ya biyo baya. Sharaɗina ɗaya ne, a yi wa Rum da Ingila da Amurka irin wannan hisabi, tunda su an saba wanke su tas kafin a hau da su allo.

Saura magana ga 'yan Sashen Tarihi da 'yan Sashen Kimiyyar Kwamfuta, waɗanda ba sa haɗuwa sai a layin abinci. Civilization V da VI duk suna ba kowa damar gina tasa al'ummar ya saka ciki, kuma matasan waɗansu ƙasashe sun daɗe suna yi wa nasu haka. Rubuce-rubucen suna nan jibge a Gidan Arewa a Kaduna, kuɗin mota ne kawai tsakaninmu da su. Ina roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta ware ɗaki ɗaya mai wutar lantarki da kwamfuta biyu a zangon karatu mai zuwa, ta kira waɗannan sassa biyu su zauna. Ni na ɗauki nauyin rubuta bayanin Rumfa da marina. Ana neman wanda zai zana lifidi.