Mubi: Mai Ya Yi Tsada, Masu Tsari Na Barci

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin 2024 ta fita. An yi shekaru ana shelar zuwan wannan rana. Jama'ar Mubi, ku gaya mana, wane tanadi aka yi muku?

Babu ko ɗaya.

Mai injin niƙa, mai walda, mai ƙanƙara, duk janareta ke riƙe da su, don wuta ta zama baƙuwa. Ribar yini tana ƙarewa a gidan mai. Tirelar da ke lodin shanu zuwa Kudu ta ƙara kuɗi, makiyayi aka zaftare wa.

Sai samarin da ke tsallaka da jarkokin mai zuwa Kamaru ta Sahuda. Fasa-ƙwauri ne, ba mai musu. Amma wa bai san gidajen da yake ciyarwa ba? Arahar ta tafi, ribar ta bi ta. Wace sana'a aka miƙa musu? Garin da Boko Haram ta mamaye a 2014 ne za a bar matasansa suna zaman kashe wando?

Kada a sake ce mana sai Abuja. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wutarsu da tsara kasuwarta. Madatsar Kiri na nan a Shelleng tun 1982, ruwanta bai kunna ko ƙwan fitila ɗaya a Mubi ba. Rana kuwa kyauta take ƙona mu. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Jihar Adamawa, duk a garin. Me ya hana a haɗa kai da su a kafa wa kasuwa da asibitoci tashar sola?

Ba jahilci ba ne. Ɗaga kai ka dubi rufin gidajen masu cewa mu yi haƙuri, farantan sola ne jere. Fadar Shugaban Ƙasa ma an ware mata naira biliyan 10 na sola a kasafin 2025. Sun san maganin, kansu suka saya wa.

Uwargida kuwa gas ya gagare ta, kananzir ya fi ƙarfinta, ta koma gawayi. Ana sare dajin gindin duwatsu buhu-buhu. Da damina ta faɗi, masu cewa mu yi haƙurin za su zo da manyan riguna da masu ɗaukar hoto su dasa bishiya ɗaya, su hau motocinsu su koma Yola.