Motocin Gudun da Tsufa Bai Ci Mutuncinsu Ba

Daga cikin abubuwan da hannun ɗan Adam ke ƙerawa, da wuya a sami wanda zamani ke saurin tona wa asiri kamar mota, domin wadda aka yi wa kallon mamaki shekarun baya, har yara suna bin ta da gudu, ita ce yau za ka gani a gefen titi kunya ta kama ka a madadin mai ita. Wannan hukunci kuwa ya fi tsanani a kan irin motocin nan masu ƙofa biyu, masu kwanciya ƙasa-ƙasa, waɗanda Turawa suka ƙera don gudu da nishaɗi da nuna isa, saboda ita motar haya ko ta tsufa tana da uzurin amfaninta, amma motar ƙawa in ƙawarta ta gushe, babu sauran hujjar da za ta kare kanta da ita. Duk da haka akwai 'yan kaɗan daga cikinsu waɗanda shekara sittin da saba'in suka wuce ta kansu ba su rage musu kwarjini ba, kuma a kan waɗannan nake son in faɗi ra'ayina, ko da zai saɓa wa na jamhurin masana wannan fanni.

Kafin a shiga shari'a wajibi ne a tantance shaidu, kuma mashaidin farko da zan sallama daga zaure shi ne farashi. A shekarar 2018 an yi gwanjon wata Ferrari 250 GTO ta 1962 a Amurka kan dala miliyan 48 da 'yan kai, a 2022 kuma wata Mercedes 300 SLR mai rufi ta 1955 ta kai Yuro miliyan 135, abin da ya sa wasu suka ɗauka magana ta ƙare, mafi tsada ita ce mafi kyau. Alhali kuwa irin waccan Ferrari 36 kacal aka ƙera, irin wannan Mercedes kuma biyu ne tak a duniya, saboda haka kuɗin yana ba da shaida ne a kan ƙarancin abu da gasar attajirai, kuma ba a karɓar shaidar wanda ke da riba a cikin hukunci. Ma'aunin da na fi amincewa da shi shi ne na dillalin dawaki, wanda in an kawo masa ingarma cikin kayan hawan sallah, sai ya sa a kwance sirdi da jalala da duk tarkacen ado, ya tsaya yana duban ƙashi da tsayuwar ƙafa. Haka nan mota: a cire abin da aka maƙala mata don burge mutanen zamaninta, a ga ko akwai abin da ya saura.

Da wannan ma'auni Mercedes 300 SL, wadda aka fara nunawa a birnin New York cikin Fabrairun 1954, ta tsira da mutuncinta. Abin da kowa ya san ta da shi shi ne ƙofofinta masu buɗewa sama kamar fukafukai, kuma mai kallo zai zaci alfahari ne ya haife su, nan kuwa larura ce tsantsa: injiniyan kamfanin, Rudolf Uhlenhaut, ya gina ƙashin motar da siraran bututun ƙarfe da aka haɗa kusurwa uku-uku don ta yi ƙarfi ba tare da nauyi ba, sai bututun suka tokare gefenta har kusan ƙugun mutum yana zaune, babu inda za a yanka ƙofa irin ta al'ada, dole aka rataye ta a rufi. Mai shiga sai ya fara zama a kan dokin ƙofar mai faɗi, ya karya sitiyari ƙasa, sannan ya zura ƙafafunsa. Gilashin taga ba ya sauka, zafi kuwa a ciki ba a magana. Guda 1,400 aka ƙera zuwa 1957. Da wani ya zo daga baya ya ari fukafukan ba tare da larurar ba, watau motar DeLorean da aka yi kusa da Belfast a 1981, kamfanin bai kai ƙarshen 1982 a tsaye ba, kuma abin da ya raya sunanta fim ne, ba ƙirarta ba.

Na Italiya kuwa, waɗanda babu mai musun baiwarsu wajen zane, sun ba mu darasi biyu daga hannun mutum guda. Marcello Gandini yana ɗan shekara 27 ya zana Lamborghini Miura ta 1966, wadda har gobe in ta tsaya sai an waiwaya, sannan ya zana Countach, wadda da ta fito kasuwa a 1974 sumul take, kaifi-kaifi, ba ta da ƙari ko ɗaya. Amma shekaru na tafiya aka yi ta ɗora mata kaya, aka kumbura mata kafaɗun taya, aka dasa mata wani ƙaton fiffike a baya wanda rage mata gudu ma yake yi, har ya zamana ta 1988 ta cika da ramuka da tsage-tsage ta ko'ina. Direbanta kuma, saboda ba ya ganin baya, in zai yi ribas sai ya ɗaga ƙofa ya zauna a bakinta yana leƙe. Ta farkon tana nan da kyanta, ta ƙarshen kuwa da ganinta ka san shekarunta. Israfi bai taɓa tsufa da kyau ba, kuma Ferrari Testarossa ta 1984, da tsagoginta na gefe, tana cikin wannan sahu.

To, yanzu mu zo ga wadda kusan an yi ijma'i a kanta, watau Jaguar E-Type ta Ingila, wadda aka yaye wa lulluɓi a Geneva cikin Maris na 1961. Wanda ya tsara jikinta, Malcolm Sayer, a masana'antar jiragen sama ta Bristol ya koyi aiki, kuma ba da alƙalamin mai zane ya fitar da lanƙwasarta ba, da lissafi ya fitar da ita, yana auna yadda iska za ta bi jikin ƙarfe ta wuce. Abin da ya fito daga wannan hisabi shi ne doguwar gaba wadda ta cinye kusan rabin motar, wadda in za a duba inji sai a ɗage ta ɗungurungum ta kifa gaba, har da fitilu da marufan taya, injin mai silinda shida ya bayyana tsirara. Ga ɗan ƙaramin baki mai siffar ƙwai ba tare da raga ba, ga fitilu kwance a ƙarƙashin gilashi wanda ya bi lanƙwasar jiki kamar tare aka zuba su. An ce tana kai mil 150 a awa, kuɗinta kuma bai fi fam dubu biyu da 'yan kai ba, a lokacin da Ferrari ke ninka wannan. A 1996 gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya shigar da ɗaya cikin taskarsa. Ni ma na yarda cewa in kyau na rana ɗaya ake magana, a jera su duka a fili, ita ce za ta ɗauki tuta.

Sai dai tambayarmu a kan jure wa zamani ce, kuma a nan ne raunin E-Type yake, domin kyanta irin wanda ba ya ɗaukar taɓi ne. A 1966 aka ƙara mata tsawon inci tara da tudun rufi don a sami kujerun yara a baya, sai ta yi doro. Dokokin Amurka, inda mafi yawan masu sayenta suke, suka tilasta a cire gilashin fitilun, sai idanun suka fito zuru-zuru. A 1968 aka buɗa bakin, aka sauke fitilun baya ƙarƙashin bamba. A 1971, bayan rasuwar Sayer da shekara guda, aka sa mata inji mai silinda goma sha biyu, aka toshe bakin da raga, aka faɗaɗa kafaɗu, daga bisani aka liƙa mata ƙullutun baƙar roba gaba da baya. Kowane gyara sai da ya ɗebi wani abu daga jamalinta, har aka daina ƙera ta a 1974, kuma shi ya sa duk mai yabon E-Type, in ka matsa masa, za ka tarar ta shekaru shida na farko yake nufi. 'Yar'uwarta MGB ma haka ta sha a 1974, da aka ɗaura mata bambar roba aka kuma ɗaga ta sama don fitilunta su kai tsayin da doka ta ce.

Wadda nake ba wa fifiko ita ce Porsche 911 ta Jamus, ko da yake na san ranar da aka nuna ta a Frankfurt cikin Satumbar 1963 babu wanda numfashinsa ya ɗauke. Da lamba 901 ta fito, sai kamfanin Peugeot, wanda 404 da 504 ɗinsa suka taɓa cika hanyoyinmu, ya ce lamba uku mai sifiri a tsakiya haƙƙinsa ce, aka musanya sifirin da ɗaya. Ferdinand Alexander Porsche, jikan wanda ya kafa kamfanin, shi ya jagoranci zanen, kuma abin da ya yi ƙanƙane ne a ido: fitilu biyu zagayayyu a kan kafaɗun da suka ɗara tsakiyar gaba tsayi, ta yadda direba na ganin iyakar motarsa daga inda yake zaune, gilashin gaba a miƙe, sannan layi ɗaya tilo da ya taso daga rufi ya gangara har bamba ba tare da ya karye ba, saboda injin a can baya yake, bayan tayoyi, iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto balle a buɗa masa baki a gaba. Makunnin ma a hagun sitiyari yake, agogai biyar a jere, na juyin inji a tsakiya.

Ba na ɓoye aibinta. Nauyin da ke baya yana sa gindinta ya nemi wuce kanta a kan kwana in direba ya saki totur ba shiri, har a farkon zamaninta sai da aka cusa ƙarfe mai nauyi a bambar gaba don a daidaita ta, kafin a ƙara tazarar tayoyinta a ƙarshen shekarun 1960. Amma a duba abin da ya same ta na jarrabawa, wanda shi ne ya sami E-Type, a ga bambancin sakamako. Dokar bamba ta Amurka ta zo mata a 1974, ta karɓe ta da wata 'yar roba mai naɗi a gefe, ta ci gaba da zama ita ce. Aka dasa mata fiffike a baya a nau'o'inta na Carrera RS da Turbo, wanda a nan aiki yake yi na danne gindin a ƙasa, bai ɓata ta ba. Kamfanin da kansa ya yanke shawarar kashe ta, ya fito da wata mota mai lamba 928 a 1977 don ta gaje ta, sai Peter Schutz da ya karɓi shugabanci a 1981 ya soke hukuncin. Magajiyar ta rasu a 1995, wadda za a gada tana nan. Aka ɗaga ƙafafunta aka ba ta giyar taya huɗu, René Metge ya ratsa Hamada da ita ta Aljeriya da Nijar ya ci tseren Paris zuwa Dakar na 1984. A ƙarshen shekarun 1990 aka koma sanyaya injin da ruwa, aka kuma sauya siffar fitilun, masoyanta suka yi ca suna kiran abin bidi'a, har a 2004 aka mayar da zagayayyun. A watan Mayun 2017 aka ƙera ta miliyan ɗaya. A ajiye ta 1965 kusa da ta bana, yaron da bai san komai game da mota ba zai ce wannan ce ta haifi wannan, kuma silsila irin wannan, wadda ba ta yanke ba shekara sittin, babu wata motar gudu da ke da ita da siffa guda.

Mai jayayya zai ce ai ta yau ta yi ƙiba, ta yi faɗi, ta cika da na'urori, kuma gaskiya ya faɗa. Ni kaina ta farkon shekarun 1970, siririya mara nauyi, ta fi kwanta mini a rai. Zai kuma ce daɗewa a kasuwa dabarar ciniki ce, ba hujjar kyau ba. Amsata ita ce Corvette ta Amurka ta girme ta da shekara goma a kasuwa, amma sau nawa ta sauya kama, har a 2020 ta ɗauke injinta daga gaba ta mayar tsakiya, ta yadda sunan ne kawai ya daɗe. Ita kuwa 911 zanen ne da kansa ya daɗe, ya ɗauki dokoki da injuna da tayoyin da mai zanen bai taɓa mafarkinsu ba. Saboda haka a wurina ita ce ta ɗaya, E-Type ta 1961 zuwa 1967 na bi mata, sannan 300 SL da Miura, Allah kuwa shi ne mafi sani.

Saura kalma guda ga mai karatu na gida, wanda wataƙila zai ce ina ruwansa da motocin da bai taɓa gani ba sai a hoto. Gidan zane na Pininfarina da ke Italiya, wanda ya tsara jikin mafi yawan Ferrari na wancan zamani, shi ne ya zana Peugeot 504, wadda aka yi shekaru ana harhaɗawa a Kaduna, kuma 'yar'uwarta mai ƙofa biyu ta 1969 tana cikin kyawawan motocin da Faransa ta taɓa fitarwa, ita ce ma ta ci tseren Safari na Kenya a 1978. Wanda duk ke da tsohuwar 504 kwance a bayan gida, kaji na ƙwai a cikinta, ina roƙonsa kada ya miƙa ta ga 'yan gwangwan su auna a kan sikeli, in kuma ya tashi gyara ta, ya gaya wa mai fenti da bakanike su mayar da ita yadda ta fito, kada a ƙara mata fitila ko ɗaya.