Cinikin Tsohuwar Mota Da Rigimar Da Kan Biyo Baya

Na san wata za ta ce, me ya haɗa mu da zancen mota? To, sau da yawa kuɗin adashen uwargida ko na gwal ɗinta su kan cika kuɗin motar maigida. Wata kuwa mijinta ya rasu, mota ta faɗo cikin gādo, tilas a sayar. In ciniki ya lalace, da ita a kan sha wuya.

Ga yadda abin ya kan faru. Dillali ya karɓi la'ada ya tafi. Bayan mako guda inji ya buga. Mai saye ya ce a mayar masa da kuɗinsa, mai sayarwa ya ce ai ciniki ya faɗa. Daga nan sai gaban alƙali.

A shari'ar Musulunci, bisa mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke bi, wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibi da ba a nuna masa ba yana da ikon mayarwa. Amma ku lura ƙwarai da wannan: in ya ga aibin, ya yi shiru ya ci gaba da hawa, an ɗauka ya yarda ke nan. Tun a kan doki da jaki malamai suka faɗi haka. Saboda haka ranar da aka ga aibi, ranar za a ajiye mota a kira shaidu. Maza da yawa nan su kan yi sake, su yi wata biyu suna zuwa ɗaurin aure da ita, sa'an nan su tuna da kotu.

Dokar Ingila ta cinikin kaya ta 1893, wadda Nijeriya ta gada, ta fi tsanani ga mai saye. In wanda ya sayar ba sana'arsa ce sayar da motoci ba, ba ta ɗora masa lamunin ingancin mota. Mai saye shi zai buɗe idonsa, watau ya zo da bakanikensa. Sai fa in an siffanta masa motar da abin da ba haka take ba.

Mafi muni ita ce motar sata. Mai ita zai karɓi abinsa, kome yawan kuɗin da kika biya, ke kuwa sai ki bi wanda ya sayar miki, in kin gan shi. Don haka a gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke cikin takardu, a ga takardar kwastan kafin a ba da ko kwabo.

Wajen 'yan sanda kuma, kada a ɓata ƙafa in ba sata ko zamba. Dokarsu ta 2020 ta hana su kama mutum saboda saɓa alkawarin ciniki kawai.

Ke da za ki sayar, ki sa a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, a ambaci kowane aibi da sunansa, a kuma canja sunan mai mota nan da nan, don in ta buge wani, sunan da ke takarda shi za a fara nema. In kuwa kuɗinki na cikin wadda maigida zai saya, ki roƙe shi cikin ladabi a rubuta ko rance ne ko tarayya. 'Yan makaranta, ku da kuka iya alƙalami, ku riƙa karanta wa iyayenku takarda kafin su dangwala hannu.