Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk mai bin hanyoyin da suka ratsa unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Calawa da Bompai a birnin Kano ya saba da ganin manyan ƙofofin ƙarfe a garƙame, tsatsa ta ci su, ciyawa ta kai ƙugu a bayansu, babu mai motsi sai maigadi da 'yan awakinsa. To, amma lokaci-lokaci sai a wayi gari a ga ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare ya rikiɗe. Jiya kango ne, yau katanga ta sha farar ƙasa, an nome harabar, an ƙone yayi, har an ɗauko janareta haya an kunna fitilun ofis. Ba sai an tambayi dalili ba. Dillali ne ya bugo waya da magariba cewa wani attajiri ya sauka daga Legas ko Abuja, gobe da hantsi zai zo ganin wuri, kuma jirgin yamma zai bi ya koma.

Abin da kan biyo bayan irin wannan waya sananne ne. A tara leburori a kwana ana shara da wanki da fenti. Birkila ya bi tsagar bango da siminti, kafinta ya sauya silin ɗin da ruwa ya ɓata, a goge injunan da suka shekara goma ba su juya ba har su yi sheƙi, sa'an nan a jibge tsofaffin katakai daidai inda daɓe ya lotsa. Da gari ya waye a zagaya da baƙo cikin rabin sa'a, a bi da shi inda aka gyara, a kauce wa inda hannu bai kai ba.

Ya kamata a bambance abu biyu tun da wuri. Tsafta ba laifi ba ce. Wanda ya nome ciyawa, ya buɗe tagogi iska ta shiga, ya kwashe tarkace domin mai saye ya ga faɗin ɗaki da tsawonsa, ya kyauta wa kansa ya kuma kyauta wa baƙonsa, don kuwa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma wanda ya shafe tsagar da ya san ta taso daga harsashin gini, ko ya rufe ramin da ya san zai karya motar ɗaukar kaya, wannan ba gyara ya yi ba, algus ya yi. Ɗalibin da ya karanta babin ciniki a littattafan fiƙihun Malikiyya da ake koyarwa a zaurukan Kano ya san wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya gano an ɓoye masa. Hukuncin da ya hau kan mai buhun gero a Dawanau shi ne ya hau kan mai masana'anta a Sharaɗa.

Yadda aka yi gine-ginen nan suka shiga hannun dillalai ba ɓoyayye ba ne. Bompai ita ce babba, tun zamanin mulkin Turawa aka keɓe ta. Sharaɗa da Calawa sun bunƙasa ne bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, a shekarun da kuɗin man fetur ya yawaita, dokokin mallaka wa 'yan ƙasa hannun jari na 1972 da 1977 kuma suka jawo attajiran gida cikin harkar. A lokacin ana lissafa Kano a bayan Legas wajen yawan masana'antu: masaƙu, majemu, matsar man gyaɗa, robobi, alewa, tasoshi. Daga 1986, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki aka karya darajar Naira, sai sayen kayan gyara da ɗanyun kaya daga waje ya zama jidali. Wutar lantarki ta ƙi tsayawa, atamfar waje mai araha ta cika Kantin Kwari, bashin banki ya yi ta haihuwa. Wasu gine-ginen suka faɗa hannun bankuna, wasu hannun hukumar AMCON da aka kafa a 2010 domin karɓar basussukan da suka gagara biya, wasu kuma magada suka gaje su ba tare da sun gaji sana'ar ba. Ba wanda zai zargi irin waɗannan don sun nemi su sayar. Abin zargi shi ne yadda ake shirya sayarwar.

Domin kuwa abin da mai saye na gaske ke bukatar gani ba a jikin katanga yake ba, yana cikin akwatin takardu, kuma ba a haɗa shi a dare ɗaya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha amana a hannun Gwamna, sashe na 22 ya hana a sayar ko a jinginar da filin da ke da takardar shaidar mallaka sai da yardarsa, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka ƙulla saɓanin haka ɓatacce ne. A 1989 Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, inda ta rushe wata jingina saboda ba a nemi yardar Gwamna ba. Ke nan tambayoyin da suka kamata su ne: ina ainihin takardar, a gida take ko a banki? Shekara nawa suka rage daga wa'adinta? An biya harajin fili na shekarun da wurin ya yi a rufe? Idan gado ne, an raba, ko kuwa akwai magajin da bai sa hannu ba? Mai sayarwar da ya shirya amsoshin nan a rubuce tun ranar da ya yi niyyar sayarwa, ko da tsakar dare aka ce masa baƙo na tafe ba zai firgita ba.

Bayan takarda sai ƙasar da ginin ke kai, wadda fenti ba ya isa gare ta. Shekara da shekaru majemun Calawa da Sharaɗa suna aiki da sinadarin kuromiyam, masaƙu suna zubar da ruwan rini. Rafin Salanta ya daɗe yana kwasar dagwalon Sharaɗa zuwa kogin Calawa, na Bompai kuma yana bin Getsi ya faɗa Jakara. Tsohon ramin dagwalo da aka cike da jar ƙasa daren jiya yana nan da dafinsa. Wanda ya sayi irin wannan wuri da nufin sarrafa abinci ko ruwan leda, ya haƙa rijiyar burtsatse a gefen ramin, ba kansa kaɗai ya cuta ba. Haka nan tsohon rufin asbesto, wanda ƙurarsa ke lahanta huhu idan aka farfasa shi. Su leburorin da aka tura sama cikin duhu su ne farkon shaƙa. Zancen yoyo kuwa, kowane dillali ya san rani ne abokinsa. Rufin da ya yi kyau a watan Fabrairu, sai ruwan Agusta ne zai faɗi gaskiyarsa.

Sai kuma batun wuta. Fitilun da aka kunna da janaretan haya ba su nuna ko taransfoma na nan da ransa ba, ko ɓarayi sun zare wayoyin cikin bango. A watan Afrilu na 2024 kuɗin wutar masu rukunin A ya ninka fiye da sau uku, ya kai Naira 225 kowane ma'auni, saboda haka mai niyyar kunna inji dole ya san layin da ginin yake kai da abin da ke tsakanin tsohon mai wurin da kamfanin KEDCO. Akwai kuma bashin da ba a cika rubutawa ba, watau haƙƙin ma'aikatan da aka sallama ba a biya su kuɗin sallama ba. Su ba su manta ba. Ranar da suka ga an buɗe ƙofa, a bakinta za a same su.

A nan ne maganar ta wuce tsakanin mai sayarwa da mai saye ta shafi jama'a. Wane ne zai iya yanke shawara a kan masana'anta cikin rabin sa'a? Ba mai son kafa inji ba ne, domin shi sai ya zo da injiniya da safiyo da lauya, ya yi makonni yana aune-aune. Wanda bango da rufi da faɗin ƙofa suka ishe shi, shi ne mai neman sito inda zai jibge kayan da aka ƙera a wata ƙasa. Cinikin gaggawa yana tace masu saye, ya kori mai masana'anta ya bar mai sito. Ginin da ya taɓa ɗaukar ɗaruruwan ma'aikata sai ya koma na maigadi biyu da 'yan dako. Ɗaliban da ke karatun injiniya a Jami'ar Bayero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano su ne masu asarar. An ƙaddamar da aikin bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano a 2020. Ranar da gas ya wadata a Sharaɗa, abin takaici ne a tarar filayen da aka tanada domin injuna sun cika da dilolin atamfar waje.

Makamin gyara yana hannun hukuma tun 1978, watau sa hannun Gwamna. Babu abin da ya hana Ma'aikatar Ƙasa ta Jihar Kano ta gindaya sharaɗi cewa ba za a gabatar da takardar neman yarda a kan filin masana'anta ba sai an haɗa ta da rahoton injiniya a kan gini, da sakamakon gwajin ƙasa da ruwa, da bayanin basussukan da ke kan wurin, duka da sa hannun mai sayarwa. Filin da aka bayar domin masana'anta kuma kada a bari ya koma sito a ɓoye. Mai son sauya manufa ya nema a fili, a duba. Kazalika ya dace Ma'aikatar Ciniki, tare da ƙungiyar masu masana'antu, ta buɗe rajistar gine-ginen da ke rufe a unguwannin uku, da girmansu da halin da suke ciki, yadda mai neman wuri zai fara daga ofis maimakon wayar dillali. Aikin nan bai fi ƙarfin ma'aikatan da ke zaune a Sakatariyar Audu Bako ba.